Bitar masana da cin karon muradu a mujallun likitanci

Bitar masana, wadda ake kuma kira bitar takwarori, ita ce hanyar da mujallun kimiyya suke bi wajen tantance maƙala kafin su buga ta. Edita yakan aika rubutun ga wasu ƙwararru a fannin waɗanda ba su da hannu a binciken, su duba yadda aka tsara shi, da lissafinsa, da kuma ko hujjojin da aka kawo sun isa su ɗauki hukuncin da marubutan suka yanke. Cin karon muradu kuwa shi ne halin da mai bincike, ko mai bita, ko edita yake shiga idan yana da wata moriya ta ƙashin kansa, kamar kuɗi ko muƙami ko suna, wadda za ta iya karkatar da hukuncinsa a kan aikin da aka damƙa masa amana.

Batutuwan biyu suna da nauyi na musamman a fannin likitanci, domin abin da aka buga a manyan mujallu shi ne yake shiga littattafan koyar da ɗaliban likitanci, da ƙa'idojin jinya na asibitoci, da shawarar hukumomi a kan maganin da za a saya ko a hana. Mai bita yana ganin abin da aka rubuta a takarda ne kawai. Ba kasafai yake ganin ainihin bayanan marasa lafiya ba, ba ya kuma sanin wanda ya biya marubuci kuɗi sai in an faɗa masa. Wannan giɓi ne ya sa, tun daga shekarun 1980, mujallu suka riƙa ƙara wasu dokoki a kan bitar, kamar tilasta bayyana alaƙar kuɗi da yi wa gwajin magani rajista tun kafin a fara shi.

Tarihi

Ana danganta asalin mujallar kimiyya da shekarar 1665, lokacin da Henry Oldenburg ya fara fitar da Philosophical Transactions a Landan. A shekarun 1730 wata ƙungiyar likitoci a Edinbara ta riƙa miƙa rubuce-rubucen da aka aiko mata ga mambobinta da suka fi sanin fannin kafin ta buga su, kuma ana kawo wannan a matsayin ɗaya daga cikin misalan farko na bita a likitanci. A 1752 ƙungiyar Royal Society ta kafa kwamitin da ke zaɓar maƙalun da za a buga.

Duk da haka, bitar da aka sani a yau ba ta daɗe sosai ba. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, edita ne kaɗai yake yanke hukunci a mujallu da yawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu bincike ya yawaita, fannoni suka rarrabu, mutum ɗaya ya kasa sanin komai. Mujallun Nature da The Lancet ba su mayar da bitar masana na waje ta zama ƙa'ida ba sai a shekarun 1970.

A 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Bankuba na Kanada don daidaita tsarin rubutun da ake aiko musu. Wannan rukuni ne ya zama Kwamitin Editocin Mujallun Likitanci na Duniya, wanda aka fi sani da ICMJE. A 1984 Arnold Relman, editan New England Journal of Medicine, ya sanar da cewa mujallarsa za ta riƙa neman marubuta su bayyana alaƙarsu ta kuɗi da kamfanoni, kuma tana cikin na farko da suka yi haka. An yi babban taron duniya na farko a kan bitar masana a Chikago a 1989, a ƙarƙashin jagorancin mujallar JAMA. A 1997 wasu editoci a Birtaniya suka kafa kwamitin COPE mai ba da shawara a kan ɗa'ar buga bincike.

Yadda ake gudanar da bita

Idan maƙala ta iso, edita ne yake fara karanta ta. Manyan mujallu sukan mayar da mafi yawan abin da aka aiko musu tun a wannan mataki. Wadda ta tsallake sai a aika ta ga masu bita, galibi mutum biyu ko uku, wani lokaci har da masanin ƙididdiga. Kowannensu yakan rubuta rahoto, ya ba da shawarar a karɓa, ko a gyara, ko a ƙi. Hukuncin ƙarshe na edita ne. Yawancin masu bita ba a biyan su. Suna yin aikin ne a kan nasu ayyukan na asibiti ko jami'a.

Akwai salo uku da aka fi amfani da su. A na farko, mai bita ya san marubuci amma marubuci bai san mai bita ba. A na biyu, ana ɓoye sunayen ɓangarorin biyu. A na uku, ana bayyana sunan kowa, wasu mujallun ma sukan buga rahoton bitar tare da maƙalar. Mujallar BMJ ta fara bayyana wa marubuta sunayen masu bita a 1999.

Iyakar abin da bita ke ganowa

Editoci da kansu sun gwada ingancin bitar. A wani bincike da aka buga a JAMA a 1998, Fiona Godlee da abokan aikinta sun saka kurakurai 8 da gangan a cikin wata maƙala, suka aika ta ga masu bitar BMJ 420. Mutum 221 ne suka amsa, kuma a matsakaici kowannensu ya gano kurakurai kusan 2 ne kacal. Wani bincike makamancin wannan da aka buga a 2008 ya saka manyan kurakurai 9, masu bita suka gano kimanin 3 a matsakaici, kuma gajeren horon da aka ba wasunsu bai kawo wani babban sauyi ba.

Bita ta fi rauni idan aka zo ga bayanan da aka ƙirƙira ko aka ɓoye, domin an gina ta ne a kan yarda da gaskiyar marubuci. A ranar 22 ga Mayu 2020 The Lancet ta buga wata maƙala da ta ce ta tattara bayanan masu cutar korona fiye da 96,000 daga asibitoci 671, ta kuma ce maganin hydroxychloroquine yana ƙara haɗarin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da wani ɓangare na gwajinta na ɗan lokaci saboda wannan. Masu bincike na waje ne suka nuna cewa alƙaluman ba su daidaita da na hukumomi ba, suka kuma yi shakkar cikakkun bayanan da aka ce an samo daga asibitocin Afirka. Da kamfanin Surgisphere mai bayanan ya ƙi buɗe su ga masu binciken waje, sai aka janye maƙalar a ranar 4 ga Yuni.

Ma'anar cin karon muradu da ire-irensa

Bayanin da aka fi dogara da shi shi ne wanda Dennis Thompson ya kawo a 1993. Ya raba muradu gida biyu: babban muradi, wato lafiyar majiyyaci da gaskiyar bincike, da ƙaramin muradi, wato abin da mutum zai samu na kuɗi ko ɗaukaka. Karo yana aukuwa ne idan akwai haɗarin ƙaramin ya rinjayi babban. Bisa wannan ma'ana, kasancewar mutum a cikin wannan hali ba laifi ba ne, ba kuma hujja ba ce cewa ya yi maguɗi. Abin da mujallu suke ɗauka a matsayin laifi shi ne ɓoye alaƙar.

Muradun kuɗi sun haɗa da tallafin bincike daga kamfani, da ladan ba da shawara ko gabatar da lacca, da hannun jari, da haƙƙin mallakar wata ƙirƙira, da kuɗin da lauyoyi ke biyan masani don ya ba da shaida a kotu. Waɗanda ba na kuɗi ba sun haɗa da abota ko gaba, da gasa tsakanin masu bincike, da neman ƙarin girma a jami'a, da kafewa a kan ra'ayin da mutum ya gina sunansa a kai. Mai bita na iya jinkirta aikin abokin hamayyarsa, edita kuma na iya sassauta wa almajirinsa.

Abin da bincike ya nuna

A 1998 Henry Stelfox da abokan aikinsa sun duba maƙalun da aka rubuta a kan wani rukunin magungunan hawan jini da ake taƙaddama a kan amincinsu. Sun gano cewa kashi 96 cikin 100 na marubutan da suka goyi bayan magungunan suna da alaƙar kuɗi da masu yin su, alhali kashi 37 ne kawai na masu suka suke da irin wannan alaƙa. A shekarar dai, Deborah Barnes da Lisa Bero sun duba maƙalun nazari 106 a kan shaƙar hayaƙin taba daga bakin wani. Guda 39 sun ce ba ta da illa, kuma 29 daga cikinsu masu alaƙa da kamfanonin taba ne suka rubuta su.

Wata hanyar karkatar da ilimi ita ce ƙin buga sakamakon da bai yi wa mai magani daɗi ba. A 2008 Erick Turner da abokan aikinsa sun kwatanta gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa 12 da aka yi wa rajista a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka da abin da ya fito a mujallu. A cikin 38 da hukumar ta ga sun yi nasara, an buga 37. A cikin sauran 36, ba a buga 22 ba, an kuma rubuta 11 ta yadda za a ga kamar sun yi nasara. Wanda ya karanta mujallu kaɗai zai ɗauka kashi 94 cikin 100 na gwaje-gwajen sun yi nasara, alhali a lissafin hukumar kashi 51 ne. Babu mai bitar da zai iya gano wannan daga maƙala ɗaya da ke gabansa.

Fitattun misalai

Maƙalar Wakefield. A watan Fabrairu 1998 The Lancet ta buga wata maƙala ta Andrew Wakefield da wasu mutum 12, a kan yara 12 da aka duba a asibitin Royal Free da ke Landan. Maƙalar ta kawo zaton alaƙa tsakanin allurar rigakafin MMR, mai kare yara daga ƙyanda da hangum da rubela, da lalurar galahanga wadda likitoci ke kira otizim. A 2004 ɗan jarida Brian Deer ya bayyana cewa an ware fam 55,000 daga asusun tallafin shari'a don binciken Wakefield, ta hannun wani lauya da ke shirin kai masu yin allurar ƙara. Daga baya ta bayyana cewa an biya Wakefield kansa fiye da fam 400,000, kuma tun 1997 ya nemi haƙƙin mallakar wata allurar ƙyanda ta daban. Masu karanta maƙalar ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikinta ba. Mutum 10 daga cikin marubutan sun janye fassarar sakamakon a 2004. A 2010 majalisar da ke kula da aikin likitoci a Birtaniya ta same shi da rashin gaskiya, ta soke lasisinsa, The Lancet kuma ta janye maƙalar baki ɗaya. Kafin nan, yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauka daga kusan kashi 92 cikin 100 zuwa kusan kashi 80, ƙyanda kuma ta sake yaɗuwa. Manyan bincike da aka yi a kan dubban ɗaruruwan yara ba su sami wata alaƙa tsakanin allurar da lalurar ba.

Maganin Vioxx. A watan Nuwamba 2000 New England Journal of Medicine ta buga sakamakon gwajin VIGOR, wanda ya kwatanta maganin rage zafi na kamfanin Merck mai suna Vioxx da tsohon magani naproxen a kan masu ciwon gaɓɓai kimanin 8,000. Maƙalar ta jaddada cewa sabon maganin ya fi sauƙi ga ciki. Ta kuma nuna cewa bugun zuciya ya fi yawa a cikin masu shan sa, amma ta fassara hakan da cewa naproxen ne yake kare zuciya. A watan Satumba 2004 kamfanin ya janye maganin daga kasuwa bayan wani gwajin ya nuna haɗarinsa ga zuciya. A watan Disamba 2005 editocin mujallar suka sanar da cewa akwai bugun zuciya 3 a cikin masu shan Vioxx da ba a saka a maƙalar ba. Marubutan sun ce waɗannan sun zo ne bayan ranar da aka tsayar don rufe tattara bayanai, amma editocin ba su gamsu ba. A 2007 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 4.85 don sasanta dubban ƙararraki. Nazarin takardun shari'ar da aka buga a JAMA a 2008 ya nuna cewa ma'aikatan kamfanin ko kamfanonin rubutu ne suka tsara maƙalu da dama, daga baya aka nemo malaman jami'a aka sa sunayensu a gaba.

Bincike mai lamba 329. A 2001 mujallar ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwar yara da matasa ta Amurka ta buga sakamakon gwajin maganin paroxetine a kan matasa 275 masu ciwon damuwa, ta ce yana aiki kuma jiki yana jure shi. Wani kamfanin rubutu da masu maganin suka ɗauka ne ya tsara daftarin. A gaskiya maganin bai fi ƙwayar da ba ta da sinadari ba a manyan ma'aunai biyu da aka tsayar tun farko. A 2012 kamfanin GlaxoSmithKline ya amsa laifi a Amurka, ya biya dala biliyan 3 a kan tuhume-tuhume da suka haɗa da tallata maganin ga 'yan ƙasa da shekara 18 ba tare da izini ba. A 2015 wasu masu bincike masu zaman kansu suka sake nazarin ainihin bayanan, suka buga a BMJ cewa maganin bai yi aiki ba, ya kuma ƙara yawan tunanin kashe kai da yunƙurin yin hakan.

Muradun mujallu da editoci

Mujalla ita ma tana da tata moriyar. Kamfanonin magani suna sa talla a cikinta, suna kuma sayen kwafin maƙalar da ta yabi maganinsu da yawa don raba wa likitoci. An sayar da kwafin maƙalar VIGOR fiye da 900,000, akasarinsu ga kamfanin Merck. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna cewa a tsakanin 2005 da 2006 sayar da irin waɗannan kwafi ya kai kashi 41 cikin 100 na kuɗin shigar The Lancet, da kashi 3 na BMJ. Richard Smith, tsohon editan BMJ, ya rubuta a 2005 cewa mujallun likitanci sun zama tamkar wani reshe na sashen tallan kamfanonin magani.

A 2009, a lokacin wata shari'a a Ostireliya, ta bayyana cewa kamfanin ɗab'i na Elsevier ya fitar da wata mujalla mai suna Australasian Journal of Bone and Joint Medicine, wadda Merck ta ɗauki nauyinta ba tare da an bayyana ba. Elsevier ta amsa cewa akwai irinta guda 6. Wani bincike kuma a BMJ a 2017 ya gano cewa kusan rabin editoci 713 na manyan mujallun Amurka da aka duba sun karɓi wani abu daga kamfanonin magani ko na kayan asibiti a shekarar 2014.

Matakan gyara

A 2001 editocin ICMJE suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa dole marubuta su sami damar ganin bayanan gwajin da ikon buga sakamakonsa, ko mai ɗaukar nauyi ya so ko bai so ba. A 2004 suka sanar da cewa daga 1 ga Yuli 2005 ba za su duba sakamakon gwajin da ba a yi masa rajista a bainar jama'a kafin ɗaukar majiyyaci na farko ba. Rajistar tana nuna abin da aka yi niyyar aunawa, don kada a sauya shi bayan an ga sakamako, tana kuma tona gwajin da aka yi aka ƙi bugawa. Babban rumbun irin wannan rajista shi ne ClinicalTrials.gov na Amurka, wanda aka buɗe a 2000. A Afirka akwai rumbun PACTR da ke Afirka ta Kudu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2009.

A 2009 ICMJE ta fito da fom guda na bayyana muradu, wanda ke neman marubuci ya lissafa alaƙarsa ta watanni 36 da suka gabata. A 2010 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni bayyana abin da suke ba likitoci, kuma tun 2014 kowa na iya duba waɗannan bayanai a intanet. Ƙa'idojin CONSORT, da aka fara fitarwa a 1996, sun tsara abubuwan da dole rahoton gwaji ya ƙunsa.

Muhawara

Bayyana muradu ya dogara ne da gaskiyar marubuci, domin mujallu ba su cika bin diddigi ba. A 2018 José Baselga, babban likitan cibiyar sankara ta Memorial Sloan Kettering a Niyok, ya yi murabus bayan 'yan jarida sun nuna cewa bai bayyana alaƙarsa da kamfanoni ba a maƙalu masu yawa da ya buga a manyan mujallu. Wasu masana na ganin bayyanawa kaɗai ba ta isa ba, ya kamata a hana masu alaƙa rubuta sharhi da ƙa'idojin jinya. New England Journal of Medicine ta yi irin wannan hani a 1990, amma ta sassauta shi a 2002 da hujjar cewa samun ƙwararrun da ba su da wata alaƙa ya yi wuya, ta tsayar da iyakar dala 10,000 a shekara daga kamfani ɗaya. Wasu kuma na cewa haɗin gwiwa da kamfanoni ne yake samar da sabbin magunguna, don haka a auna bincike da ingancinsa, ba da wanda ya biya ba.

Tsarin da marubuci ke biyan kuɗin bugawa ya kawo wata sabuwar matsala, domin mujalla tana samun kuɗi ne daga maƙalar da ta karɓa. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wata maƙalar bogi mai kurakurai bayyanannu ga mujallu 304, guda 157 suka karɓe ta. A 2017 kamfanin Springer ya janye maƙalu 107 daga mujallar Tumor Biology bayan an gano cewa rahotannin bitarsu na jabu ne, an turo su ta adireshin imel na ƙarya da sunan masana na gaske.

Saboda haka malamai ke koya wa ɗalibai cewa samun maƙala a mujalla mai bita mataki ne na farko wajen auna ta. Abubuwan da ake dubawa bayan haka su ne sashen bayyana muradu da mai ɗaukar nauyi a ƙarshen maƙalar, da lambar rajistar gwajin, da ko abin da aka ruwaito ya yi daidai da abin da aka yi wa rajista, da ko an taɓa gyara maƙalar ko janye ta, da kuma ko wasu masu binciken da ba su da alaƙa da na farko sun sami sakamako iri ɗaya.